Makarantar Ƙwarya: Kakanni, Jikoki da 'Ya'yan Itace a Tambuwal da Kebbe

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke kai wa maƙura, babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Shagari da Tambuwal ta nufi Jega takan cika da kayan marmari. Ga kankana tsibi-tsibi a inuwar dogon yaro, ga mangwaro kashi-kashi a faranti, yara na bin motocin da suka tsaya suna miƙa leda ta taga. Matafiyi ya saya ya wuce. Amma irin wannan kashin mangwaro, idan ya shiga cikin gida ya faɗa hannun tsohuwar da aka bar wa jikoki, aikinsa ya wuce na kashe kwaɗayi. Kafin a shanye shi, an yi ƙidaya, an yi awo, an wanke hannu, an yi gardama kan rabo an sasanta, yaro ya ji sunan bishiyar da bai sani ba jiya.

Yawancin gidajen wannan yanki na da irin wannan tsohuwa. Uwar yara na fama da surfe da wanki da goyo, uba na fadama ko kasuwa. Kaka ce ke da lokaci, kuma ita ce ke da haƙurin zama da mai shekara biyar ya tambaye ta abu ɗaya sau goma. Ba kasafai ake lissafa ta cikin masu koyarwa ba idan ana maganar ilimi a taron gwamnati ko na ƙungiyoyi. A ganina wannan rashi ne babba, domin ƙwaryar da take dama 'ya'yan kuka a ciki aji ce sukutum, kuma babu kuɗin makaranta.

Abin da ya sa sai kaka

A gidan Bahaushe da Bafillace akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta sakin jiki da shi a gaban mutane. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Jikanta namiji maigidanta ne, macen kishiyarta. Yaro zai shigo daga makarantar allo ta tare shi da cewa, “Maigida, mi kak kawo min? Yau ma babu cefane?” Ta juya ga yarinyar: “Ke kishiya, taho ki riƙe ƙwarya, zaman mi kike?” Su kuma su rama, kowa ya yi dariya.

Wannan wasa shi ke buɗe ƙofar koyo. Yaron da ke tsoron kuskure ba ya tambaya. A gaban kaka kuwa zai iya zubar da rabin ludayin nono, a yi masa tsiya, a sake ba shi ludayin. Malaman tarbiyyar ƙananan yara a duniya sun daɗe suna neman hanyar samar da irin wannan yanayi a aji. Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta gina tsarinta a kan barin yaro ya zuba ruwa da kansa, ya yanka, ya share, ya wanke. Japan kuwa a 2005 ta kafa doka guda a kan ilimin abinci, don yara su san abin da suke ci da inda ya fito. Abin da waɗancan suka tsara a takarda, a nan al'ada ce ta tanade shi.

Kuma ƙasar nan ta san tsohuwa a matsayin malama tun ba yau ba. Tambuwal gari ne da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya riƙe. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, ita kuma ta jagoranci mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Su wa ke yin wannan tafiya? Tsofaffin da suka gama haihuwa da 'yan matan da ba su isa aure ba, domin matan aure na gida da hidima. Wato tun a wancan ƙarni an gane cewa tsohuwa da yarinya su ne ke da sararin ɗaukar ilimi daga nan su kai can.

A fasa kuka

Haɗin da ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma ya fi cika da darasi shi ne na 'ya'yan kuka da nono. Ba ya buƙatar wuta, don haka ko ɗan shekara huɗu zai sa hannu.

Aikin yakan fara da zaɓe. Kaka ta miƙa wa jika ƙwallon kuka biyu ko uku ta ce ya girgiza a kunnensa. Wanda ya bushe sosai zai yi ƙara daga ciki, wanda danshi ya taɓa ko ƙwaro ya huda zai nuna a jikinsa. Sai a goge gashin bayan, domin yana sa ƙaiƙayi, abin da yaro kan koya sau ɗaya bai sake mantawa ba. Fasawa aikin babban jika ne, da taɓarya ko dutse. Da ɓawon ya tsage sai ga farin gari manne da ƙwayoyi, zare-zare ja ya ratsa tsakaninsu. Ƙanana su tsince zaren, kowa ya jefa ɗaya a baki ya yamutsa fuska don tsami.

Daga nan a zuba a ƙwarya, a kawo ruwa mai tsafta ya sha kansa, a rufe da faifai. Nan ne darasi mafi wuya yake, wato jira. Garin ba ya sakin ƙwaya sai ya jiƙa, kusan rabin awa. Yaro zai buɗe faifan ya leƙa, a ce masa, “Bai yi ba tukuna, rufe.” Kaka mai dabara ba ta barin wannan lokaci ya tafi a banza. A nan ake cire ƙwallon dabino, a nan ake ɓare ayaba, a nan ake kacici-kacici. Idan ya jiƙa, sai a wanke hannu a murza har ƙwayoyin su fito baƙaƙe sumul, a tace da rariya. Abin da ya sauka ruwa ne mai kauri, fari-fari, mai tsami.

Yanzu sai nono. Idan kindirmo ne, a dama shi da maburgi ya yi laushi a zuba. Idan madarar gari ce aka dama, yaro zai ga abin mamaki da idonsa: da ta haɗu da ruwan kuka sai haɗin ya ƙara kauri nan take. Tsamin kuka ne ke kama madarar, kamar yadda tsami ke mayar da madara kindirmo idan ta kwana. Ba sai kaka ta san sunan sinadarin ba. Ya isa ta ce, “Ka gani? Tsami na ya kama ta,” ta bar shi ya gwada da ɗigon lemun tsami a cikin cokalin madara ya ga ko hakan zai sake faruwa. Yaron da ya yi wannan gwaji ya taɓa kimiyya da hannunsa, shekaru kafin ya ji kalmar a makaranta.

Zaƙi kuma daga dabinon da aka jiƙa aka dama, ko ɗan mazarƙwaila, ko zuma. A yanka ayaba ko mangwaro a watsa a kai. Shi ke nan, an gama.

Wannan abu da ake yi wa kallon abincin talaka, Turawa sun daɗe da farga da shi. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa shigar da garin 'ya'yan kuka kasuwanninta a matsayin abinci, kuma yau ana sayar da shi a ƙananan leda da tsada a Landan da Paris, saboda bitamin C da ke cikinsa ya ninka na lemun zaƙi. A Kebbe kuwa yaro na iya tsinto shi a bayan gari.

Ƙidaya da rabo

Lissafi yana shiga ta ko'ina ba tare da an kira shi ba. Dabino nawa aka jiƙa? Idan goma ne, ƙwallo nawa ya kamata a gani a faifai? In an samu tara, to ɗaya na cikin ƙwarya, sai a nemo shi kafin ya shiga bakin ƙarami. Ƙwayoyin kukan da aka tace ma ba a zubarwa nan da nan. A wanke su a shanya, su zama abin ƙidaya: a jera su biyar-biyar, goma-goma, a cire uku a ga saura nawa. Da su ake yin dara a ƙasa.

Awo ma haka. Gidan Bahaushe na da ma'aunansa: cokali, ludayi, ƙoƙo, gwangwanin madara, kwano, mudu, tiya. Kaka ta ce ludayi biyu na ruwan kuka, ɗaya na nono. Gobe baƙi sun zo, ana son ninki biyu, sai ta tambaya, “To yau ludayi nawa na?” Yarinyar da ta amsa huɗu da biyu ta yi lissafin da za a koya mata a aji huɗu ko biyar da alli.

Kankana ta fi kowane abu koyar da kaso. A raba ta biyu, ga rabi. A sake rabawa, ga kwata. Mutum shida ne a tsakar gida, yanka takwas ne a tire, yaya za a yi da biyun da suka rage? A nan gardama kan tashi, kuma gardamar tana da amfani. Wata tsohuwar dabara da ake yi a gidaje da yawa ita ce, wanda ya raba shi ne na ƙarshen ɗauka. Yaron da ya san haka zai auna yankansa da kyau, domin in ya karkata wuƙa kansa zai cuta. Sannan akwai kason da ba a mantawa: na maƙwabciya, na almajirin gida, na wanda ya tafi aike bai dawo ba. “Wanga na Malam na, a rufe mai.” Yaron da aka saba aikawa da ƙoƙo zuwa gidan maƙwabta ya san cewa abin da aka dama a gidansu ba nasu ne su kaɗai ba.

Addini ma na nan a ciki. Ya zo a Sahihu Muslim cewa idan aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, nunan farko na 'ya'yan itace, yakan yi addu'ar albarka, sannan ya miƙa wa mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. An kuma ruwaito daga Nana A'isha cewa yakan haɗa kankana da ɗanyen dabino. Ladubban da ya koya wa yaron nan Umar ɗan Abu Salama a bakin akushi, na ambaton sunan Allah da ci da dama da cin abin da ke gabanka, su ne dai kaka ke maimaitawa idan an zauna. A watan azumi, lokacin da haɗin kankana da madara da dabino ke zama abin buɗa-baki a gidaje da dama, yaran da ba su isa azumi ba kan sami rabonsu na lada ta wajen cire ƙwallo da jera kofuna.

Shekara a bakin yaro

Akwai ilimin da ban san wani littafin firamare da ya tattara shi kamar yadda tsofaffin ƙauye suka riƙe shi ba, wato wace bishiya ke nuna a wane lokaci. Da sanyin hunturu magarya da kurna ke zuba, kanya ta yi zaƙi, tsamiya ta bushe a reshe, kuka ta rataye 'ya'yanta bayan ta kakkaɓe ganye. Da bazara ga mangwaro, ga ɗorawa mai garin nan rawaya da ke rina leɓen yara. Farkon damina kaɗanya ke faɗowa, a sha naman a tara ƙwallon don man kaɗe. Can wajen lokacin kaka ɗinya ta yi baƙi, wadda ake dafa ruwanta har ya zama maɗi. Ga aduwa mai ɗaci-ɗaci da zaƙi, ga goriba da ake gwagwiya, ga taura, ga giginya a wuraren da ke da danshi kusa da gulbi.

Kowace da nata aikin. Busasshiyar magarya a daka ta sama-sama don kada ƙwallon ya fashe, a tankaɗe, garin ya shiga kunu ko a dunƙule shi da ɗan ruwa. Garin ɗorawa a dama da ruwa ko nono, ƙwayar kuma, kalwa, ta tafi wajen masu daddawa. Tsamiya a jiƙa. Yaron da ya bi shekara guda a gefen kakarsa yana yin waɗannan zai fita da sunayen itatuwa goma sha wani abu, ya san ganyensu, ya san inda suke fitowa, ya san wadda ke son fadama da wadda ke jure tudu. Ya kuma san cewa bishiya guda na ba da abu fiye da ɗaya: kuka ta ba da miya, ta ba da abin sha, ɓawonta ya ba da igiya.

Mangwaro ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai zare da ake tsotsa, akwai Binta Suga, akwai Paparanda. Mai zare ba ya yankuwa da kyau, don haka a matse shi a cikin kindirmo. Mai tsoka a yanka ƙanana. Barin yaro ya gano wannan da kansa, ya ce wanne ya dace da wane haɗi, ya fi a faɗa masa.

Idan an gama haɗi ana son ya yi sanyi, ba kowane gida ke da firji ba, kuma mai shi ma sai wuta ta zo. Sai a rufe kwanon a ɗora a bakin randa ko a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Jika zai tambaya me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Amsar ita ce jikin randa na tsatsafo da ruwa, iska na busar da shi, bushewar nan ke janye zafi. A kan wannan hikima ce wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tambayar da ta kai shi can, irinta ce yaro ke yi a gindin randar kakarsa.

Inda ake buƙatar kula

Zan faɗi wannan ɓangare ba tare da kwana-kwana ba, domin abin da aka yi don alheri na iya kwantar da yaro. Haɗin 'ya'yan itace ba a dafa shi, don haka duk ƙazantar da ta shiga ta zauna. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, jihar Sakkwato na cikin waɗanda abin ya shafa sosai. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa komai, wanke kankana da mangwaro tun kafin wuƙa ta shiga, ruwan da aka tafasa ko aka tabbatar da shi, nonon da aka dafa madararsa kafin a kwantar, rufe ƙwarya saboda ƙuda: waɗannan su ne darasin farko, kuma kaka ce ya kamata ta fara yi yara su gani. Ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, gara a haƙura da ita. Abin da aka haɗa da nono kuma a shanye shi a lokacin, kada ya wuni a zafin bazara.

Wuƙa ta manya ce. Ƙarami a ba shi cokali ya yanka ayaba ko gwanda, zai yi, kuma zai ji ya isa. Ƙwallon magarya da na dabino da na kuka na iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba, a kawar da su daga gabansa. Zuma kuwa, duk da darajarta a wurinmu, likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Wannan magana takan yi wa tsofaffi nauyi, amma gaskiya ce, kuma ya kamata a faɗa musu cikin ladabi.

Akwai kuma matsalar nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kai. Ayaba ko mangwaron da ya yi rawaya tas a waje amma ciki da tauri, babu ƙamshi, babu zaƙi, abin zargi ne. Hancin tsohuwa ya san ƙamshin nunan Allah, kuma wannan ma ilimi ne da ya kamata ta sa wa jika a hanci.

Sai suga. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, kuma tana son babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan marmari da ganye kullum. Mu kuwa hannunmu ya saba da zuba suga har sai ya danne ɗanɗanon komai. Idan aka cika shi a haɗin mangwaro, an koya wa harshen yaro cewa mangwaro shi kaɗai bai isa ba, kuma daga nan alewar leda da lemun kwalba sun yi nasara. Gara a bar shi ya ɗanɗana kafin a ƙara komai, a tambaye shi ko akwai buƙata. Sau da yawa zai ce babu. Kakanni masu ciwon suga, waɗanda ke ƙaruwa a garuruwanmu, su ma wannan ya fi musu.

Maganar ba ta kwaɗayi kaɗai ba ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki. Ƙoƙon mangwaro da nono ba zai warware wannan shi kaɗai ba. Amma mangwaro da gwanda na ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido da ƙarfafa jiki, nono na gina jiki, tsamin kuka na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga hatsi da wake. Ga yaron da cimarsa tuwo ce safe da dare, wannan ƙari ne na gaske.

Tsakanin tsakar gida da aji

Kada a ɗauka ana cewa ƙwarya ta wadatar. Kaka ba za ta koya wa jika karanta takardar asibiti ba idan ita ma ba ta iya ba. A ƙarshen 2015 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal, ɗan garin Tambuwal, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar Sakkwato saboda yawan yaran da ba sa zuwa makaranta da lalacewar azuzuwa. A shekarun da suka biyo baya an shigar da littattafan Mu Karanta! a makarantun firamare na Sakkwato da Bauchi, don yaro ya fara koyon karatu da Hausar da yake ji. Tunanin da ke bayan wannan shi ne a fara daga abin da yaro ya sani. To me ya sani fiye da kuka da magarya?

Malamin aji ɗaya a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi zai iya cewa kowane ɗalibi ya tambayo kakarsa sunayen 'ya'yan itace biyar ya zo da su gobe. Ga harafin ƙ da ɗ da ts sun samu a ƙwallo da ɗinya da tsamiya. Zai iya cewa a zo da ƙwayar kuka ashirin-ashirin don lissafi, ba sai an jira kayan koyarwa daga birni ba. Babbar jika da ta iya rubutu ta zauna ta rubuta yadda kaka ke yin maɗi, mataki-mataki, ta karanta mata ta gyara. Tsohuwar za ta ji an ɗauke ta da daraja, kuma kakar da ta ji makaranta na girmama saninta ba za ta zama mai hana jikanya zuwa ba. A gidaje da yawa maganarta ce ke yanke ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za a ɗora mata talla.

Abu ɗaya da nake fata a sauya shi ne korar yara maza daga wannan zama da zarar sun ɗan tasa, da sunan aikin mata ne. Yaron nan gobe shi zai je kasuwa cefane, shi zai zauna a ɗakin haya a Sakkwato ko Legas yana karatu ko neman kuɗi. Ya san wanke hannu da zaɓen abin kirki da raba abu daidai ba zai rage masa komai ba.

Itatuwan da za a tsinka

Duk wannan ya dogara ga samun 'ya'yan itacen. Tsofaffi a yankin za su nuna maka gonakin da a da ke cike da ɗorawa da kaɗanya da ɗinya, yau sai ɗaiɗaiku. Gatarin mai itacen girki da mai gawayi bai bar su ba, kuma ƙananan da ke tsirowa garma da awaki na gamawa da su. Ga rashin tsaro: a sassan Kebbe da ke iyaka da Zamfara, da wasu ƙauyukan Tambuwal, hare-haren 'yan bindiga sun sa iyaye ba sa barin yara su yi nisa da gari. Tsintar magarya da kanya, wadda a da yara ke fita rukuni-rukuni su yi, ta ragu a irin waɗannan wurare. Abin da ake samu kyauta ya koma na saye, kuma wanda za a saya yana gogayya da kuɗin hatsi.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun nuna cewa ana iya juya wannan. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturen itatuwa a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, maimakon sassabe komai. An kiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a kawo dashe daga ko'ina ba. Saiwoyin na nan a ƙasa.

A cikin gida ma akwai abin yi, kuma nan ne zaman ƙwarya ke iya ƙarewa. Ƙwallon mangwaron da aka sha, in aka binne shi a inda ruwan wanke-wanke ke bi, yakan tsiro cikin 'yan makonni, kuma idan aka yi masa aure da iri mai kyau zai fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Ƙwayar kuka ɓawonta na da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana ko an ɗan kankare gefenta kafin a shuka. A kewaye wurin da ƙaya saboda awaki, a ɗora wa jika ɗaya alhakin ban-ruwa da rani. Ganyen miya zai samu tun bishiyar na ƙarama. 'Ya'ya kuwa, ga kukar da aka shuka daga ƙwaya, sau da yawa sai an haura shekara goma.